Kwalliyar da ke karya wa Hilux farashi

Ka tambaye ni: "Oga, mutum ya kashe kuɗi ya ɗaga Hilux ɗinsa, ya sa manyan tayoyi da bambar ƙarfe da fitilu, me ya sa ranar sayarwa ake taya ta ƙasa da wadda ba a taɓa ba?"

To saurara, yaro. Mai sayen a-kori-kura ta hannu ɗan kwangila ne, ko manomi, ko ɗan kasuwa mai kai kaya ƙauye. So yake ya san irin wahalar da motar ta sha, kuma duk abin da aka ƙara mata yana ba shi labari.

Fara da sifirin na baya. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhun siminti 20 ko na masara 10. In mai saye ya duƙa ya ga an ƙara ganyen sifirin biyu ko uku, ya gane an daɗe ana lafta mata abin da ya fi ƙarfinta. Sifirin da aka ƙara yana hana bodi zama a kan taya ne kawai, amma nauyin yana nan a kan aksul da boris da birki da shasi. Nan da nan zai hau neman tsagewa ko tabon walda a jikin shasi. In ya gani, ciniki ya lalace, don babu mai yarda da shasin da aka yi wa walda.

Taya kuwa lissafi ce. Mai lamba 265/65R17 tsayinta milimita 776 ne, mai 285/70R17 kuma wajen 831. In aka cire ta farko aka sa ta biyu, bambancin kashi 7 cikin 100 ke nan. Allurar gudu tana kan 100, motar tana gudun 107, kuma kilomitar da agogo ya ƙirga ba ta kai wadda aka yi ba. Motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, kuloci ya riƙa cinyewa da wuri. In kuma an yanke bodi don kada taya ta goga, wannan ba ya gyaruwa. Ɗagawar da ta wuce inci 2 tana karkatar da shaf ɗin gaba, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga, sai ka ji ƙas-ƙas in an karya kwana.

Wayarin shi ne ya fi ba ni haushi. A feɗe waya, a murɗa wata a kai, a naɗe da salatif, ba fiyus ba rile (ɗan makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta), wai an sa fitila ko rediyo. Wannan shi ke kashe batir cikin dare, shi ke kawo gobara. Mai saye da ya san mota zai leƙa ƙarƙashin sitiyari, ƙullin salatif uku kawai zai gani ya rage kuɗi. In an kawo maka irin wannan aiki, ja sabuwar waya daga batir, sa mata fiyus kusa da kan batir ɗin, sa rile, ka bar wayar kamfani yadda take.

Sai canza fuska, a ɗauki ta 2008 a sa mata bamba da fitilu da bonet na sabon yayi. Daga nesa tana da kyau. Amma lambar shasi da takardun kwastan ba su canza ba, ga shekarar da aka buga a jikin bel ɗin kujera. Kuɗin tsohuwa za a biya, a kuma yi zargin hatsari ta yi aka rufe. Haka sabon fenti, musamman in launin ya saɓa da na takarda. Haka injin da aka canza, ko an cire na dizal 2KD an sa na fetur 2TR: in lambar injin ba ta dace da takardu ba, mai hankali ba zai saya ba. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ita ce ƙarshen araha.

Akwai ƙarin da ba ya cutarwa. Shimfiɗar roba a bayan mota tana kare fenti, sai dai ka ɗaga ta ka nuna babu tsatsa, don ruwa yana kwanciya a ƙasanta. Rumfa, matakala, ƙarfen ɗaure kaya, duk abin da aka ɗaura da noti a ramukan kamfani, sifana ce ke cire shi. Tukunyar gas ta CNG, da ta yawaita bayan cire tallafin mai a 2023, wani zai so ta don sauƙin mai, wani zai ƙi don ta cinye wurin kaya. Takardar wurin da aka haɗa ta ce ke kwantar da hankali.

Saboda haka in mai mota ya zo a sa masa wani abu, kada ka bar kayan asali a gareji su bi 'yan gwangwan. Rim, bamba, shok, fitilu, har notinansu, zuba masa a buhu ya kai gida tare da rasit. In ya tashi sayarwa a mayar mata da nata, na kwalliyar ya sayar da su daban.