Amsa ga ƙanenmu mai son canza jita

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo bayan la'asar, inda ka ce shekara uku ke nan kana kaɗa Yamaha F310, yatsunka suna ciwo duk lokacin da ka danne wayoyi shida da yatsa ɗaya, sautinta kuma ya daina burge ka, shi ya sa kake tunanin tattara abin da ka tara ka ba yayanka da zai dawo daga Ingila ya taho maka da babbar jita ta kamfanin Taylor ko Martin. Ni abin da na ji a cikin maganar taka shi ne kana zargin jitar ce ta tsayar da kai wuri ɗaya, kuma wannan zan amsa.

Ka ɗauko ruler ta ɗalibai ka auna tazarar da ke tsakanin waya mafi kauri da ƙarfe na goma sha biyu a kan wuyan jitar. Idan an saita jita da kyau, tazarar nan ba ta wuce milimita biyu da rabi, ta siririyar waya kuma wajen milimita biyu ce. Na tabbata taka ta haura huɗu, domin na riƙe ta ranar da muka haɗu a Kongo, kuma na ji yadda take yaƙi da hannu. Wannan ciwon yatsun ba kuɗi mai yawa yake nema ba. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli a miƙar da shi, akwai kuma farin abin nan na kan jaki wanda wayoyi suke hawa, ana cire shi a goge ƙasansa da sanfefa kaɗan-kaɗan har ya sauka. Sannan ka faɗa mini gaskiya, yaushe rabonka da canza wayoyi? Wayar da ta sha gumi da ƙurar Samaru wata takwas ba za ta yi amo ba ko a kan jitar sarki aka ɗaura ta. Ka sa sababbi, masu lamba 11 maimakon 12 idan hannunka bai yi ƙwari ba, ka kaɗa mako biyu, sai mu sake magana.

Ban ce babu bambanci tsakanin mai araha da mai tsada ba, kada wani ya juya mini magana. Bambancin yana nan, kuma mafi yawansa a fuskar jitar yake, wato allon gaba mai rami. A F310 allon nan falle-falle ne aka manna da gam, shi ya sa sautin yake mutuwa da wuri. A manyan jita kuwa tsagin itace guda ne siriri, wanda yake girgiza da zarar ka taɓa waya, sautin ya daɗe yana yawo a ɗaki. Kamfanin Martin tun 1833 yake wannan sana'a a Amurka, Taylor kuma ya fara a 1974 a Kalifoniya, kuma duk wanda ya taɓa rungumar jitar Martin samfurin D-28 ya ji yadda take motsi a ƙirjinsa ba zai ce kuɗin banza ba ne, ko da yake sabuwarta ta haura dala 3,000, ka buga lissafin da kanka a canjin yau.

Matsalar ita ce mu a Zariya muke zaune. Masu ƙera irin waɗannan jita da kansu suna cewa a ajiye su inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe yake tsagewa, ƙofar katako ta saki, man kaɗanya ya yi daraja. Abin da yake faruwa da leɓenka shi yake faruwa da allon nan, sai dai shi ba ya warkewa. Ka tuna kuma wayoyi shida suna jan jakin da nauyin da ya kai wajen kilo 70 dare da rana. Daga nan damina ta kankama a Agusta itacen ya sha ruwa ya kumbura, cikin jitar ya taso, wayoyi su yi sama. Falle-fallen da kake rainawa shi ne yake jure wannan kai-komo, saboda an gicciya zaren katakon a kan juna.

Ni ganau ne. Shekarun baya na sayi wata ta hannu, itace zalla gaba da baya, na sayar da babur ɗina na cika kuɗin, maiɗakina ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Na rataye ta a bangon falo don baƙi su gani. Wata asuba a cikin Janairu muna kwance muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, na fito da tocila na haska, sai ga tsaga tun daga ƙasan jaki har gindinta, siririya kamar gashi, amma idan ka danna gefe ɗaya sai ka ga ɗayan ya tsaya. Na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari wanda aka yi ta yaba mini, na roƙe shi ya bari itacen ya sha danshi tukuna tsagar ta haɗe kafin ya manna. Ya ce mini shi ya fi shekara ashirin yana gyaran kayan kiɗan coci, ba yaro zai koya masa aiki ba. Da na koma sai na tarar ya ɗura mata sufa gulu, ya bi da garin katako, ya goge da sanfefar kafinta har fentin wurin ya tashi fari fat kamar tabon ƙuna. Ya kuma caje ni kuɗin aiki, har da cewa in gode wa Allah. Har yau idan na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da damina ta sauka sai wata sabuwar tsaga ta fito a gefen ta farko, domin busasshen gam ɗin ya hana itacen motsi. To, bari in bar wannan, kada in cinye muku data.

A'a, bari in gyara wani abu da na faɗa. Ba na cewa ba za a iya riƙe babbar jita a garin nan ba. Ana iyawa, idan za ka saya mata akwati mai tauri, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin robar sabulu mai huji ka ajiye a ciki, ka sami ɗan agogon auna danshi, kuma kullum ka gama kiɗa ka mayar da ita ka rufe. Ba za ka bar ta a but ɗin mota a rana ba, saboda zafi yana sassauta gam ɗin jaki. Amma kai da nake gani kana goya taka a baya a kan acaɓa daga Samaru zuwa Wusasa wurin atisaye, cikin jakar yadi marar soso, ka tambayi kanka ko za ka iya wannan reno. Masu garaya da gurmi ma sun san fatar kayansu tana saki da damina sai an gasa ta, sai dai su abin nasu an yi shi ne da kayan ƙasar nan.

Idan bayan saiti da sababbin wayoyi har yanzu kunnenka yana neman ƙari, akwai matsakaiciya. Yamaha FG800 fuskarta itace guda ce, baya da gefe kuma falle-falle, kuma kuɗinta bai kai dala 300 ba a Amurka. Taylor GS Mini ma haka ginin nata yake, a Meziko ake yin ta, tana da ɗan ƙaramin jiki mai daɗin ɗauka, sai dai ta fi tsada sosai. Su ma fuskar tasu tana son soso da hunturu, amma idan ƙaddara ta faɗa ba za ka yi kukan da na yi ba. Game da sayen ta hannu a Legas kuwa, ka yi hattara da jabu, domin akwai masu ɗauke da sunan Martin a ka waɗanda ba su taɓa ganin Amurka ba. Ka leƙa ta ramin wajen gindin wuya ka ga lambar da aka buga a jikin katako, ka kuma duba ko aikin ciki yana da tsabta ko gam ne ya zuba ko'ina.

Abu ɗaya da ban so ba a shirin naka shi ne sayen jitar da hannunka bai taɓa ba. Yayanka, Allah ya saka masa, ba ya kiɗa, kuma ko jita biyu masu lamba ɗaya ba sa yin amo iri ɗaya, balle faɗin wuya da zai iya yi wa hannunka yawa. Ka kawo mini F310 ɗin ranar Asabar bayan azahar, ina da makullin da sanfefa mai laushi, ka taho da sababbin wayoyi saiti ɗaya. Kada ka sayi waɗanda ake warewa ɗai-ɗai a leda, ka nemi na cikin kwali a rufe.