Amsa: Yadda garin Skagway ya tsallake annobar korona

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙaramin gari mai cin abinci daga baƙi ke yi idan annoba ta tsayar da tafiye-tafiye. Duba Skagway a jihar Alaska ta Amurka. Mazaunansa ba su wuce 1,200 da ɗoriya ba, amma a 2019 jiragen ruwan shaƙatawa sun kai masa baƙi kusan miliyan ɗaya. A Maris 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta hana jiragen tashi, aka rufe iyakar Kanada da ke kusa da garin, kakar zuwan baƙi ta wuce ba babban jirgi ko ɗaya. Shaguna a garƙame, jirgin ƙasan White Pass mai ɗaukar masu yawon buɗe ido a ajiye.

Majalisar garin ta ɗauki kason da ta samu daga tallafin korona na gwamnatin tarayya mai suna CARES ta riƙa raba dala 1,000 ga kowane mazauni duk wata. A ganina nan ta yi daidai, domin abin tsoro shi ne iyalai su tattara su tafi, makaranta ta bushe, ranar da jirage suka dawo a rasa ma'aikata.

Inda gizo ke saƙar kuwa wata dokar 1886 ce: jirgi mai tutar waje, irin manyan jiragen da ke zuwa Skagway, ba zai yi jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka ba sai ya yada zango a wata ƙasa, ga Kanada ta rufe tashoshinta. Sai a Mayu 2021 majalisar dokokin Amurka ta ɗage sharaɗin na ɗan lokaci, jirage suka fara dawowa a Yuli, rabin kaka ta riga ta tafi.