Re: Wai da gaske ne makabartar Arlington gidan wani ne a da?

Eh malam gaskiya ne, gidan Janar Robert E. Lee ne, wanda ya jagoranci sojan Kudu a yaƙin basasar Amurka, koda yake ainihin gadon matarsa Mary ne. Da yaƙi ya ɓarke a 1861 suka bar gidan, sojan gwamnati suka mamaye wurin dan yana kan tudu yana kallon birnin Washinton, kogin Potomac ne kawai tsakani. Zuwa 1864 gawa ta yi yawa, makabartun gari sun cika, sai Janar Meigs na sojan gwamnati ya ce a fara binnewa a nan, har ya sa aka haƙa kaburbura dab da lambun matar, ni dai a ganina da gangan ne dan kar su sake dawowa.

Gwamnati cewa ta yi ba a biya haraji ba shi ya sa ta ƙwace. Ɗansu ya kai ƙara, 1882 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya, sai ya sayar musu a kan dala 150,000. Yanzu mutum sama da 400,000 ke kwance can, har da Shugaba Kennedy.