Tambaya da Amsa: Zan iya huda ƙwallayen da ke haɗa bututun rufin ƙarfe da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kano. An ba ni aikin rumfar gidan mai, tsawo mita 12, faɗi mita 12, kuma mai aikin yana son irin rufin nan na bututu da ake haɗawa da ƙwallayen ƙarfe. Ƙwallayen da ake kawowa daga waje sun yi tsada. Zan iya sayen dunƙulen ƙarfe in huda da kaina? Kuma me ke cikin mahaɗar nan wanda ba a gani daga ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bututun kam aikinka ne, ka yanka ka yi walda. Amma ƙwallon kada ka huda shi da injin hannu. Bari mu buɗe mahaɗar tukuna, dalilin zai fito da kansa.

Wannan tsari wani injiniya Bajamushe, Max Mengeringhausen, ya fito da shi a farkon shekarun 1940, kuma shi ake kira MERO. Da shi aka ɗaga babban zauren wasa na Globe da ke Stockholm a 1989. Yawancin ƙwallayen da ke shigowa kasuwanninmu daga Sin a kan wannan fasali aka yi su.

Mahaɗar gida biyar ce. Akwai ƙwallon, dunƙulen ƙarfe ne curarre mai ramuka masu tiredi, wato zaren da noti ke bi idan ana murɗa shi. Na asalin MERO yana ɗaukar rami har 18. Akwai kan bututu mai siffar mazurari da ake waldawa a bakin kowane bututu. Akwai noti mai ƙarfi wanda kansa ke zaune cikin mazurarin, jikinsa ya leƙo waje. Akwai zobe mai gefe shida da ke tsakanin mazurari da ƙwallo. Sai ɗan ƙaramin fil da ke ratsa tsagar zoben ya kama jikin notin. Tunda kan notin yana ɓoye cikin bututu, sifana ba ta kai gare shi. Zoben ake murɗawa, fil ya ja notin ya juya, notin ya riƙa shiga ƙwallo har zoben ya manne gaba da baya.

Kowane gida da nauyin da yake ɗauka. Idan ana jan bututun, notin ne ke riƙewa. Idan ana danne shi, zoben ne ke miƙa nauyin ga ƙwallo. Fil ba ya ɗaukar komai, aikinsa juya noti kawai.

Yanzu mu ƙirga rumfarka, wadda rufinta layi biyu ne na bututu, sama da ƙasa. Idan aka raba ta gida-gida na mita 2, layin sama zai ci ƙwallo 49, na ƙasa 36, jimilla 85. Bututun sama 84, na ƙasa 60, na karkace masu haɗa sama da ƙasa 144. Bututu 288 ke nan, noti 576, rami 576. Idan duk bututun tsayinsu ɗaya ne, kaurin rufin daga sama zuwa ƙasa zai kai mita 1.41, kuma ramukan da ke maƙwabtaka za su faɗa a digiri 60 da 90 tsakaninsu. Ƙwallon da ke tsakiyar rumfa bututu takwas ke haɗuwa a kansa.

Duk lissafin da injiniya ya yi a kan sharaɗi ɗaya ya dogara: layin tsakiyar kowane bututu ya nufi cibiyar ƙwallo daidai. In haka ta samu, bututu ja ko danni kawai yake sha. In rami ya kauce da digiri 1 tak, ɗaya bakin bututu mai mita 2 zai kauce wa ƙwallon da yake nema da kusan milimita 35. Ma'aikata za su sa ƙarfi su tanƙwaro shi ya shiga, kuma zai shiga. Amma notin ya riga ya lanƙwashe tun kafin a ɗora kwano ko ɗaya, zoben kuma gefe guda kawai ya taɓa ƙwallo. Ka yi tunanin wannan kuskure sau 576, kowanne ta nasa ɓangaren. Shi ya sa masana'antu ke huda ƙwallo da injin da kwamfuta ke sarrafawa, su kuma daddale bakin kowane rami ya yi sumul domin zoben ya zauna daram. Injin huda na tebur ba ya ba da wannan daidaito, komai ƙwarewar hannu.

Ko ƙwallon sayayye ne, akwai inda aiki ke ɓaci wajen haɗawa.

Mafi haɗari shi ne ɗaurin ƙarya. Noti ya cije a hanya saboda tsatsa, ƙura ko fenti a cikin rami, mai ɗauri ya ƙara wa sifana bututu ya danna, fil ya karye. Daga nan zoben juyawa kawai yake yi, notin yana tsaye da tiredi uku ko huɗu a ciki. Daga ƙasa babu wanda zai gane. Ƙa'idar da masana'antun Sin ke bi ita ce noti ya shiga ƙwallo aƙalla ninki 1.1 na kaurinsa, wato noti M20, mai kaurin milimita 20, ya shiga milimita 22. Ana tabbatar da haka ta duba tsagar zoben: dole fil ya kai ƙarshen tafiyarsa. Kafin ɗauri a busa ramin, a goge tiredi, a fara murɗawa da hannu. In ya ƙi shiga da hannu a zagayen farko, a tsaya a duba.

Sai canza noti. M20 mai lambar ƙarfi 10.9 a kansa sai jan ya kai wajen tan 25 yake tsinkewa. Mai kauri ɗaya da shi amma lamba 4.6, irin na kasuwa, wajen tan 10 ne iyakarsa. A ido kamarsu ɗaya. Noti ɗaya ya ɓata a fili, yaro ya ruga kasuwa ya sayo wani, shi ke nan an dasa rauni a rufin. Duk notin da babu lamba a kansa kada ya hau sama, kuma kada a taɓa yi wa noti mai ƙarfi walda, zafi yana kashe ƙarfinsa.

Tsayin bututu ma a kula. Wanda ya gaza da milimita 2 ko 3 yana barin gibi tsakanin zobe da ƙwallo, sai danni ya koma kan noti. Cusa washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami, a gibin ba gyara ba ne. Ka yi ma'auni guda na ƙarfe a kan tebur, kowane bututu a cikinsa za a kafa shi a yi waldar mazurari, kuma a sa masa lamba, domin kaurin bututu ya bambanta daga tsakiya zuwa gefe ko da tsayinsu ɗaya ne.

Ruwa kuma yana shiga ta tsagar zobe da ramukan ƙwallo da ba a yi amfani da su ba. A toshe su bayan ɗauri, sannan a yi fenti. Tsatsar cikin tiredi ba ta nuna kanta sai ta gama ci.

Ga wani abu da ya shafi rumfar gidan mai musamman: buɗe take ta ko'ina, kuma guguwar farkon damina daga ƙasa take ɗaga ta. Lokacin nan bututun ƙasa da aka saba ja sai ya koma shan danni, siriri kuma ya lanƙwashe. Injiniya ya lissafa iska ta ɓangarorin biyu, har da notin da ke riƙe rufin a kan ginshiƙi.

Kada a ce ai bututun da yawa, in ɗaya ya gaza saura za su riƙe. A ranar 18 ga Janairu 1978 rufin zauren wasa na Hartford a Amurka ya rufta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban 'yan kallo sun watse. Ba ƙwallo aka yi amfani da shi a can ba, amma ciwon na mahaɗa ne: ƙarafan tokara ba su haɗu da layin sama yadda lissafi ya ɗauka ba, ɗaya ya lanƙwashe, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, suka bi shi. Tun lokacin gini an auna lotsawar rufin ta ninka abin da aka yi hasashe, aka wuce. Kai ma ka auna tsakiyar rumfarka kafin ɗora kwano da bayansa. Iyakar da aka saba bi ita ce kashi 1 cikin 250 na tazarar ginshiƙai, wato milimita 48 a mita 12.

In kuɗin ƙwallo ya gagara, akwai mafita da ta dace da shagon walda. Ana yin mahaɗa da farantin ƙarfe mai fukafukai, a daddale bakin bututu ko a walda masa harshe, a ɗaure da noti biyu. Ba ta kai ƙwallo kyau ba, amma ana ganin kowane noti da ido, ana iya gwada shi da sifana. Sharaɗin nan na cibiya yana nan a kanta ita ma. Ko kuma ku sayi ƙwallaye, noti, zobe da mazurari a matsayin saiti ɗaya daga masana'anta ɗaya, kai ka yi bututun. Kowacce kuka zaɓa, zanen ya fito daga hannun injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da girman kowane bututu da kowane noti a rubuce, kuma ka haɗa gida huɗu a ƙasa ka gwada kafin ka yanka sauran.