An Cire Ƙarin, Me Ya Sa Za A Sake Tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An cire wa yayata ƙari a ƙwan haihuwarta na dama, gwaji ya nuna sankara ce, amma hoto bai nuna ta bazu ba. Yanzu an ce sai an sake yi mata tiyata. Ina amfanin haka? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Yaya lafiya. Shawarar likitocin tana kan hanya, kuma ina roƙonku kada tsoron wuƙa ya sa ku ja da baya.

Wannan sankarar takan zubar da ƙwayoyinta cikin ciki, su maƙale a tantanin kitsen da ya lulluɓe hanji, ko su shige kaluluwar da ke gefen babbar jijiyar jini ta baya, alhali girmansu bai kai ƙwayar gero ba, don haka hoto ba ya kama su. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1983 ya sake duba mata 100 da aka ɗauka cutarsu tana matakin farko, sai aka tarar a cikin 31 ta riga ta wuce inda aka zata. Shi ya sa a tiyata ta biyu ake wanke cikin a gwada ruwan, a cire tantanin, a ɗebo kaluluwa da 'yan tsokoki daga wurare daban-daban.

Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa. Ya fi yawa idan nau'in da ake kira siros ne mai saurin girma, ko cutar ta kama ƙwai biyun, ko ruwa ya taru a ciki, ko awon jini na CA-125 ya hau sosai. Nau'in da ke tara majina kuwa ba kasafai yake kaiwa kaluluwa ba.

Idan aka tabbatar ba ta bazu ba, kusan mata 90 cikin 100 suna wuce shekara 5 da rai, wasu ma ba sa buƙatar kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Idan an same ta a ɓoye, galibi an koma mataki na 3, sai an haɗa da magungunan kemoterafi irin su carboplatin, amma wadda cutarta ta tsaya a kaluluwa kaɗai takan fi samun nasara a kan wadda tata ta watsu a cikin ciki.

Ku riƙe takardar gwajin, ku tambayi nau'in cutar, da ko ƙarin ya fashe lokacin tiyatar farko. Idan Yaya tana son haihuwa, ta faɗa tun kafin ranar, domin a wasu lokuta ana iya barin mahaifa da ɗayan ƙwan.