Tacfad ya mutu bayan barci, batir mai kumburi, da sauran tambayoyinku

Wani ɗalibi daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya rubuto: "Salamu alaikum malam. HP gare ni mai Windows 10, in na rufe murfinta na shiga aji na dawo na buɗe, tacfad ba ya motsi sam, kibiyar tana tsaye cak, sai na kashe na kunna. Na kai wa mai gyara ya yi mata formataj jaka biyar, kwana biyu lafiya lau, yanzu abin ya dawo. Mi zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Jaka biyar ɗin nan ka yi mata addu'a kawai, ta tafi. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan a garin nan, komi ya samu kwamfuta, sauti ya ɗauke, wifi ya ƙi, tacfad ya yi gardama, magani guda ne wai formataj, kamar mutum ya rushe ɗaki don ƙofa ta ƙi buɗuwa. Kuma in an gama sai a ɗauko kile guda mai tarin direbobi dubu, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowace na'ura ta yi aiki da Windows, da aka kwafo tun shekarun baya, a danna "saka duka", manhajar ta yi ta cusa abin da ta ga dama, direban tacfad na kamfanin Synaptics na wata kwamfuta daban a kan taka, ko na kamfanin ELAN da bai dace da ita ba. Ranar farko komi na tafiya, mai gyara ya karɓi kuɗinshi, kai kuma ka yi godiya har da sa albarka.

Ga abin da ke faruwa. In kwamfuta ta shiga barci Windows na yanke wa ƙananan na'urori wuta don batir ya daɗe, tacfad na cikinsu, kuma a yawancin kwamfutocin yanzu ta hanyar da ake kira I2C yake magana da uwar allo. In ta farka direba ne ke da aikin tada shi. Direban da bai dace ba sai ya tada komi ya manta da shi. Shi tacfad ɗin lafiyarshi ƙalau, shaida kuwa ita ce da ka kashe ka kunna yana dawowa.

Ka ari suri mai waya wajen abokinka, ka danna Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc ka danna OK, jerin na'urorin kwamfutar zai buɗe. Cikin Périphériques d'interface utilisateur ka nemi wanda ke da I2C HID a sunanshi, in taka daga Kano ta zo tana Turanci to Human Interface Devices za ka gani. Buɗe shi, je Gestion de l'alimentation, cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tattalin wuta. Wasu sababbin kwamfutoci ba su nuna shafin nan a wurin, sai ka leƙa Périphériques système, layukan Intel Serial IO, ka yi musu haka. In abin ya kama ka tsakiyar aiki kuma ba ka son kashewa, désactiver sannan activer a kan na'urar nan yakan farfaɗo da shi nan take.

Wannan rage zafi ne. Gyaran gaske shi ne ka juya kwamfutar ka karanta lambar samfurinta a ƙasa, ka shiga shafin HP da kanka, ka sauke direban chipset da na Serial IO ka saka su tukuna, sannan na tacfad, a jere haka, ba a juye ba. Batun kwana biyun da ka ce ta yi lafiya kuwa, ina zargin Windows Update ne ya canza direban da ka haɗa ta da intanet, in haka ne maɓallin Restaurer le pilote na nan cikin shafin Pilote, danna shi ka koma na baya. In ka ga sabon BIOS, wato manhajar da ke cikin uwar allo mai tada kwamfuta, a shafin HP kana iya sakawa, amma da batir cike da caja a jiki, kada ka fara wannan da batir ɗin da ke mutuwa da an ɗauke kuran.

Sai démarrage rapide. Tun Windows 8 a 2012 in ka danna Arrêter ba mutuwar gaske take yi ba, tana ajiye direbobi yadda suke ta ɗauko su gobe, har da wanda ya rikice. Redémarrer ne ke wanke komi. Ni duk kwamfutar da ta shigo hannuna démarrage rapide ɗin nan nake fara kashewa cikin Options d'alimentation. Kuma don Allah ku daina rufe murfi kawai ku tura ta cikin jaka ku hau kabu-kabu cikin ranar Afrilu, wasu ba su yin barcin kirki, suna nan suna aiki a ɓoye, ka iso Ali Dan Sofo ka ciro ta da zafi hannu ba ya taɓuwa. Veille prolongée, mai ajiye aikinka ya kashe ta gaba ɗaya, na nan, kyauta ne.

Wata malama daga Tibiri ta ce tacfad ɗinta ya tasa sama, ba ya dannuwa, gefen kwamfutar ma ya fara buɗewa.

Malama wannan ba direba ba ne, batir ne ya kumbura a ƙarƙashi yana turo shi. Cire caja yau, kada ki danne shi, kada ki huda, a canza batir.

Wani Alhaji daga babbar kasuwa: "Yarona ya taɓa HP ɗina, yanzu wata ƴar wuta ruwan lemo ta kama a kusurwar tacfad kuma ba ya aiki."

Ranka ya daɗe, taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu da sauri. Shi ke nan. A bar yaro ya ci tuwonshi, Alhaji da kanshi ma zai iya yin haka garin goge ƙura.

Na ƙarshe daga Tasawa, wai shin gaskiya ne Windows 10 ta mutu, ya sayar da kwamfutarshi?

Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, amma kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa. Duba ko tana ɗaukar Windows 11, tana buƙatar TPM 2.0, wata ƴar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta. In ba ta ɗauka, rubuto mini samfurinta da yawan RAM ɗinta, kuma kafin nan kada wanda ya yi mata formataj.