Faifaina Mai Giram 180 Ne, Me Ya Sa Ƙahon Ke Tsaga Kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina tara faya-fayan garmaho na jaz, musamman zaman da masu busa ƙaho ke haɗuwa su ja buluz ba tare da shiri ba. Kwanan nan na yi odar sabon bugu na zaman mai busa ƙaho Buck Clayton, The Huckle-Buck and Robbins' Nest, an manna masa takardar giram 180. Kuɗin kawowa ya fi kuɗin faifan. Amma ƙahon siriri ne, yana tsaga kunne, abin ya fi muni idan gefen faifan ya kusa ƙarewa. Abokina ya ce in nemi mai giram 200. Na yi asara ke nan? Ina kuma son sayen faifan The Alternate Blues, amma yanzu tsoro nake ji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Wataƙila ka yi asara, amma ƙarama. Babbar tana gaba, in ka bi shawarar abokin nan.

Wallahi na gaji da maganar giram. Kusan kullum sai wani ya aiko min da hoton takardar zinariya da aka manna a leda yana tambaya ko ya dace. Nauyin faifai ba shi da hannu a sauti. Ana ta yaɗa cewa faifai mai kauri tsagarsa ta fi zurfi, saboda haka ya fi ɗaukar kiɗa. Ƙarya ce. Zurfin tsaga da faɗinta injiniya ne ke yanke su tun a faifan farko mai laushi, daga nan a fitar da hatimin ƙarfe. Ko giram 120 aka matse da hatimin nan ko 200, tsaga ɗaya ce. Abin da kauri ke ba ka shi ne daɗin riƙewa a hannu, da ƙarin kuɗin jirgi. Masu cewa ba ya lanƙwasa ma su bar shi a mota da rana a watan Afrilu su gani. Kai, mai kauri da aka cire daga injin bai gama hucewa ba, a lanƙwashe yake isowa.

Wa ke cin ribar jita-jitar? Ka duba bayan kwalin naka. A Tarayyar Turai, sautin da aka ɗauka aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, domin da aka tsawaita wa'adin daga shekara 50 zuwa 70 ba a waiwayi waɗanda suka riga suka fita ba. Zaman Clayton kuwa a Disamban 1953 aka ɗauke shi, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia da ke titi na 30 a New York. Don haka kowane ɗan kasuwa a can yana iya buga shi ba da izinin Columbia ba. Tef ɗin asali ba ya hannunsa, sai ya kwafo daga CD, ya matse a roba mai nauyi, ya sa hoto mai sheƙi. Kyan ɗan maciji. In ba ka ga sunan Columbia ko Sony, uwar kamfaninsa, a matsayin mai ba da lasisi ba, kuma ba a faɗi wanda ya yanka ba, CD ka saya a farashin faifai. In kuwa an rubuta sitiriyo, to an ƙara maka da zamba, domin da murya ɗaya aka ɗauki zaman.

Har manya sun sha kunya a wannan harka ta takarda. A Yulin 2022 aka gano cewa kamfanin faya-fayai na Mobile Fidelity ya daɗe yana bi ta kwafin dijital kafin yanka, alhali masu kunnen zinariya suna rantsuwa cewa tsantsar tef suke ji. Maganar ta kai kotu, aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 25. Ni ban ɗauki dijital a matsayin dodo ba, yawancin faya-fayan nan suna da daɗi, don daga tef na gaskiya aka kwafo. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda idanu suka daɗe suna yi wa kunnuwa aiki.

Maimakon sikeli, ɗaga faifan a haske ka karanta abin da aka karce a filin da ke kewaye da tambari. A nan injiniyan da ya yanka ke sa haruffan sunansa: KG na Kevin Gray ne, BG Bernie Grundman, RKS Ryan K. Smith. Sannan ka nemi inda aka matse, kamar RTI a Kalifoniya, QRP a Salina ta jihar Kansas, ko Pallas a Jamus. Ga zaman Clayton, akwatin faya-fayan da kamfanin Mosaic ya fitar a 1993 da lasisi aka yi shi, ko ka nemi tsohon bugun Columbia, lamba CL 548, mai tsabta. A nan za ka ji ƙahon Clayton da na Joe Newman da nama a jikinsu, ga Freddie Green mai gita da Jo Jones mai ganga suna tura su daga baya.

The Alternate Blues ba ta da wannan matsala. A 1980 Norman Granz ya haɗa masu ƙaho Dizzy Gillespie, Clark Terry da Freddie Hubbard da mai fiyano Oscar Peterson don kamfaninsa na Pablo, kuma har yau tana ƙarƙashin kariya, ɗan kwafi ba ya taɓa ta. Analogue Productions sun sake buga ta da izini, tsohon bugun Pablo ma bai cika tsada ba.

Saura tsagewar ƙarshen gefe, kuma nan ba zan ɗora wa faifan laifi duka ba. Huckle-Buck ta kai wajen minti 20 a gefe guda. Kusa da tsakiya da'irar ta ƙanƙance, tsagar ta cunkushe, ƙaho mai kaifi shi ne farkon abin da allura ke kasa bi. Sa wani faifan da ka amince da shi, ka saurari waƙar ƙarshe. In shi ma ya tsage, allurarka ce ta karkace ko ta cinye, ko ƙurar hunturu ta daskare a bakinta. Goge ta da ɗan burushi daga baya zuwa gaba, ka daidaita ta, ka auna nauyin da take sauka da shi. Wannan ne kaɗai giram ɗin da na yarda ka auna.